Injiniya Ya Faɗa Rukunin Jira

Akwai wani malami a jami'ar nan da ɗalibai suka manta da sunansa na gaskiya, Dakta Ina-Hujja kawai suke ce masa, domin ko cewa ka yi an tashi lafiya yana iya ɗaga gira ya tambaye ka da me ka auna. Shi ke koyar da 'yan digiri na biyu kwas ɗin auna shirye-shiryen hana yara aikata laifi. Abin da kwas ɗin yake nema bai da wuyar faɗa. Kowa ya buɗe cibiya ya tara yaran unguwa, sai ka ji yana cika baki wai ya shiryar da su. To, ta yaya za a gane gaskiya daga kuri? Amsar Dakta guda ɗaya ce, kuma ya maimaita ta har ta ginshi kowa: a raba yaran gida biyu da ƙuri'a, ba da son rai ba. Rukuni ɗaya su shiga shirin yanzu, ɗayan su jira sai baɗi. Bayan an kwana biyu a duba wane rukuni ne ya fi faɗawa hannun hukuma.

Auta ta riƙe wannan darasi da hannu biyu. Ita dama haka Allah ya yi ta, in ta yarda da abu sai ta fi mai abin zaƙewa. Tsautsayi kuma ya sa da aka zo raba aikin ƙarshen shekara mutum biyu-biyu, aka haɗa ta da Sufeto, wani ɗan sanda mai furfura a gefen kai, wanda ke zuwa aji daga wurin aiki, wani lokacin ko kaki bai cire ba. Tun makon farko ba sa ga maciji. Shi yana mata kallon yarinyar da ba ta taɓa ganin mai laifi ba sai a littafi, ita kuma tana masa kallon wanda ya zo neman takardar ƙarin girma kawai. In za a faɗi gaskiya, kowannensu ya ɗan canka.

Cibiyar da aka ba su su auna wani tsohon sito ne a bayan tashar mota, an yanka shi da falankai: nan walda, can gyaran waya, can ƙurya gyaran babur. Yara na zuwa in an tashi daga makaranta, ba sa komawa gida sai rana ta faɗi. Wani dattijo ke riƙe da wurin, Baba Walda ake ce masa. Masu neman shiga sun ninka bencinansa, iyaye kuma sun hana shi sakat, a hanya a tare shi, a gida a bi shi. Shi ya sa da Auta ta zo masa da batun ƙuri'a bai yi musu ba. Cewa ya yi, "Ku yi, 'yata, ku raba ni da zagi."

Ana saura 'yan kwanaki a ja ƙuri'ar, Sufeto ya tare ta a bakin matakalar sashensu.

"Malama, akwai wani yaro ɗan maƙwabciyata. Maraya ne, ƙafarsa ɗaya ta riga ta shiga rami. Mu sa shi kawai, ba sai ya ja ba."

Da ta ce masa a'a a nan inda suke su biyu, da magana ta ƙare. Amma ina! Ta bari sai washegari a cikin aji ta ɗaga hannu, ta tambayi Dakta me mai bincike zai yi in wani mai muƙami ya nemi shigar da nasa ta ƙofar baya. Tana tambayar tana kallon Sufeto, har na bayan aji suka juyo. Dakta kuwa faɗuwa ta zo daidai da zama, ya kwashe rabin lacca yana wanke masu irin wannan hali tas. Aka yi ta dariya ƙasa-ƙasa. Sufeto ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, daga ranar kuma ya laƙaba mata suna Malama Ƙa'ida.

Abin da bai sani ba a lokacin, ita ma tana da nata a cikin masu neman. Ɗan yayarta ne, ɗan shekara goma sha biyar, wanda tun yana ƙarami aka sa masa Injiniya saboda duk rediyon da ya shigo gidan sai ya ga hanjinta. Uwarsa, wadda Auta ke kira Yaya, ita ta goya Auta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yi mata tsifa da kitso har ta girma. Yaya na aikin wanki da guga a wani asibiti, tana fita da safe ta dawo da yamma, mijinta kuma direban babbar mota ne, sai ya yi makonni bai kwana a gida ba. A wannan tsakanin Injiniya ya samu abokai. An taɓa kama shi da madubin motar wani a cikin riga, aka ba mai motar haƙuri da ƙyar. Auta da bakinta ta ce wa Yaya ta kawo shi cibiyar. Ba ta gaya wa Dakta cewa ɗanta ne ba, don tana tsoron kada ya ce ta lalata aikin ya karɓe shi daga hannunta. Ta lallashi zuciyarta da cewa ai ƙuri'a ba ta san ɗan kowa ba.

Ranar ja, sito ya cika maƙil da iyaye da yara, ga zafin kwano, ga warin man inji. Aka naɗe takardu aka zuba a wani tsohon bokitin fenti, wasu an rubuta Shiga, wasu Jira. Auta ke riƙe da bokitin, Sufeto na gefe yana rubuta wanda ya ja da abin da ya samu. Da layi ya zo kan Injiniya, ya ɗago ya yi mata murmushi da haƙoransa masu wushirya.

"Anti, wacce zan ɗauka?"

"Ɗauki kowacce," ta ce, ba ta dube shi ba.

Sufeto ya tsayar da biro. Ya dubi yaron, ya dubi Auta, ya sake duban yaron. Injiniya ya zura hannu, ya zaro, ya warware. Jira. Ya juya takardar ya duba bayanta ko akwai wani abu, babu. Daga can bakin ƙofa Yaya ta miƙe tsaye, ta yi wa ƙanwarta wani kallo, ta ja hannun ɗanta suka fita.

"Anti," in ji Sufeto a hankali, yana rubutawa. "Ashe ana yi."

Sai da Auta ta yi kwanaki tana shawara da zuciyarta kafin ta taka gidan Yaya. Ta same ta ranar hutunta tana guga a tsakar ɗaki, bargo shimfiɗe a kan tebur, kayan makarantar ƙannen Injiniya tuli guda. Ta gaishe ta, Yaya ta amsa wa dutsen guga.

"Yaya, ki fahimce ni. Ba hana shi aka yi ba. Baɗi zai shiga."

"Baɗi." Yaya ta danna wuyan riga har tururi ya tashi. "Ke kika ba shi tabbacin baɗi za ta same shi a gida? Jiya sai bayan kowa ya ci abinci ya shigo, hannunsa duk baƙin mai, na tambaye shi ya ce gyara ya taya wani. Gyaran uban wa?"

"In na sa shi da hannuna, aikin ya lalace. Dole a samu waɗanda za a gwada da su, in ba haka ba ba za a taɓa sanin ko cibiyar na da amfani ba."

Yaya ta ajiye dutsen a tsaye, ta juyo gaba ɗaya.

"Maimaita min. A gwada da su? Wato ki bar nawa a titi ki ga ko zai lalace, don ki rubuta? Ke Auta! Ɗana ne ɓeran gwajinki?"

"Ba haka ba ne, Yaya. Kowace uwa a wurin nan ɗanta take so ya shiga."

"Kowace uwa ba ta goya ki ba. Ni na goya ki, bayan nan nawa har yau yana tunawa. Da na san karatun da kike yi na koyon yadda ake kallon naka yana nutsewa ne, da tun kina firamare na ce ki zauna ki taya ni wanki."

Maganar ta soki Auta har ƙashi, kuma ta ji haushi, domin a ganinta ita ce mai gaskiya. Babu abin da ya fi taurin kai irin mai gaskiyar da aka ɓata wa rai. Ta ɗauki jakarta ta fita ba sallama. A bakin ƙofa ta iske Injiniya zaune a kan bulo yana kwance wata matacciyar fanka. Ya janye ƙafarsa ta wuce.

Allah kuma da ikonsa, ba a yi wata guda ba sai benci ɗaya ya zama babu kowa. An yi wa mahaifin wani yaro canjin wurin aiki, suka tashi. Baba Walda ya kira su biyun ya faɗa musu, ya ce su san yadda za su yi da gurbin, shi ba ruwansa, ya koma kan ƙarfensa. Suka tsaya a bakin sito, ƙarar injin yankan ƙarfe na cika kunne.

"To, Malama Ƙa'ida," in ji Sufeto, yana kaɗa makullin babur a yatsa, "ga dama ta samu. Sa ɗanki. Ni ban gani ba, ban ji ba."

Ta dube shi. Fuskarsa a sake, amma idonsa na rawa da mugunta. Ta san abin da yake jira. Ta sa yaron yau, gobe ya ɗaga hannu a aji ya yi wa Dakta irin tambayar da ta yi, yana kallonta, na bayan aji su juyo.

"Sa shi mana. Ai naki ba irin na maƙwabciyata ba ne, shi wancan maraya ne, bai da anti a jami'a."

A nan ne ya kamata ta haɗiye girman kai ta je ofishin Dakta ta faɗi abin da ake ciki, ta ji me zai ce. Ofishin ba nisa, ƙofarsa kuma kullum a buɗe take. Amma zuciya ta riga ta ɗebe ta. Ta ce za a sake jan ƙuri'a tsakanin masu jira, kuma Sufeto ne zai riƙe bokitin da hannunsa don kada a ce. Aka ja, gurbin ya faɗa wa wani yaro dabam. Da labari ya kai wa Yaya cewa wuri ya samu an kuma ba wani, ta daina ɗaukar wayar Auta.

Watanni suka shuɗe. Auta ta nutse cikin aiki kamar mai gudun wani abu. Tana zuwa cibiya tana duba waɗanda suka zo da waɗanda suka yi fashi, tana bin makarantu, tana zama gaban kwamfuta har idonta ya yi ja. Sufeto kuma nasa ɓangaren shi ne bin ofisoshin 'yan sanda yana tattaro sunan duk yaron da aka kama daga rukunan biyu. Magana tsakaninsu ba ta wuce ta aiki, ita ma a gajarce, kowa na cin magani.

Wata ranar Laraba da hantsi ya same ta a ɗakin karatu, ya ja kujera ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

"An samu ƙarin ɗaya a rukunin jira," ya ce. "Su huɗu aka kama suna cire baturan motoci a garejin wani kamfani. Mai gadi ya ji ciwo a kai. Ukun manya ne, shi ne ƙarami, shi ke kwance musu saboda hannunsa ya fi sauri. Alƙali ya tura shi gidan gyaran hali."

Ba ta tambayi sunan ba, shi ma bai faɗa ba. Ta ji ɗakin ya yi mata ƙunci.

"Ki shigar a lissafi, Malama," in ji shi yana miƙewa. "Sakamakonmu ya ƙara kyau."

Ta shigar. Da yatsunta ta nemo layinsa, a gurbin ko an kama shi ta canza a'a zuwa e. Daga nan ta shiga banɗakin sashen ta kulle ƙofa, ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Ranar gabatar da aiki ajin ya cika, har da wasu malamai. Auta ta tsaya gaban allo, ta yi bayani tiryan-tiryan ba gargada, domin ta haddace shi kamar karatu. Yaran da suka shiga cibiya kaɗan ne aka kama a cikinsu, rukunin jira kuwa sun ninka su. Dakta na gyaɗa kai, abin da ɗalibai ba su saba gani ba. Da ta gama ya ce wannan shi ne aiki, ya ce kowa ya koyi yadda ake tsare ƙuri'a daga wurinta. Sannan ya tambayi Sufeto ko yana da ƙari.

Sufeto ya miƙe a hankali, ya gyara bel.

"Ƙarin dai yabo ne, Dakta. Abokiyar aikina ta cancanci lambar girma. Ɗaya daga cikin waɗanda aka kama a rukunin jira ɗan yayarta ne, ciki ɗaya. Wuri ya samu, ni da bakina na ce ta sa shi, ta ƙi. Yanzu haka yana gidan gyaran hali. Ni dai ban taɓa ganin riƙon ƙa'ida irin wannan ba."

Dakta ya cire tabarau ya ajiye.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Dakta," ta ce. Har a lokacin akwai wani ɗan guntun alfahari a muryarta, tana zaton zai ce ta yi jarumta.

"Wa ya sa ki? Wa ya ce miki haka ake yi?" Muryarsa ta tashi. "Ɗan'uwan mai bincike ba ya shiga bincike tun farko! Da kin zo kin faɗa min, da cire shi za mu yi daga lissafi, shi ke nan. Ba ya cikin masu shiga, ba ya cikin masu jira. Mai cibiya ya ga dama ya ba shi benci, wannan tsakaninsu ne, babu abin da zai taɓa a aikinki. Magana ce ta minti ɗaya a ofishina. Kai kuma," ya juya kan Sufeto, "ka sani tun tuni ka rufe baki kana jiran yau. Ku biyun ba ku da kirki."

Ya ce ta zauna a gaban kwamfutar nan take ta goge layin yaron, a sake lissafi kowa na gani. Ta zauna, ta goge. Lambobin da ke kan allo suka ɗan motsa kaɗan, kaɗan ɗin da sai mai lura zai gani, suka tsaya. Cibiyar na da amfani da shi, tana da amfani ba shi.

"Kun gani," in ji Dakta, ya mayar da tabaransa. "Sakamako bai canza ba. Na gaba."

Ranar ziyara a gidan gyaran hali layi ake yi a jikin wata doguwar katanga, yawanci mata, kowa da leda ko kwanon abinci. Auta ta hango Yaya a tsakiyar layin, ta rame, tana rungume da leda mai sabulu da silifa da wata rigar sanyi. Ta ƙarasa ta tsaya kusa da ita. Yaya ba ta kore ta ba, ba ta kuma matsa mata ba. Suka yi ta tafiya taku ɗaya-ɗaya har suka kusa ƙofa.

"Kin ci jarrabawar?" Yaya ta tambaya, idonta a kan ƙeyar matar da ke gabanta.

"Na ci."

"To, madalla. Kullum in na kwanta ina cewa, tunda an riga an yi, Allah ya sa dai ya yi wa 'ya'yan wasu amfani. Ko ba komai an gwada da shi an gane. Da wannan nake samun barci." Ta gyara riƙon ledar. "Ya yi miki amfanin?"

Auta na iya cewa e. Kalma ɗaya ce, kuma Yaya ba za ta taɓa sani ba. Amma bakinta ya ƙi.

"An cire shi, Yaya. Malamin ya ce ɗan'uwa ba ya shiga lissafi. Ya ce da na faɗa masa tun farko, da an ba shi bencin ba abin da zai lalace."

Sai a lokacin Yaya ta juyo ta dube ta. Ta daɗe tana kallonta, babu faɗa a fuskarta, babu hawaye, kuma wannan ya fi wa Auta duk zagin da ta sha a ɗakin guga ciwo.

"Wato ko a takardar ma bai shiga ba," in ji Yaya.

Layi ya kawo su bakin ƙofa. Mai gadi ya karɓi ledar ya zazzage ta a kan tebur, ya lalube aljihun rigar sanyin, ya mayar. Ya ɗaga kai ya dubi matan biyu, masu goshi iri ɗaya da hanci iri ɗaya.

"Iyali kawai ake bari. Tare kuke?"

"A'a," in ji Yaya. "Ni kaɗai ce."

Ta karɓi ledarta ta shige, mai gadi ya ce wa Auta ta matsa gefe ta ba na baya hanya.